Gidan Lusinyan: Zuriyar da Ta Fito daga Faransa Ta Mulki Ƙudus da Kubrus

A yammacin ƙasar Faransa, kimanin kilomita 25 daga birnin Puwatiye, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Lusinyan. Faransawa suna rubuta sunan Lusignan. Wanda ya je garin a yau ba zai ga abin mamaki ba, sai wata tsohuwar coci da kufan wani gidan sarauta da aka rushe tun ƙarni na 16. Amma daga wannan kufai ne aka sami zuriyar da ta ba da sarakuna ga Ƙudus, wato birnin da Kiristoci ke kira Urushalima, da tsibirin Kubrus, da ƙasar Armeniyawa ta Kilikiya. Har a fadar Ingila sai da 'ya'yan gidan suka tayar da ƙura.

A wannan darasi za mu bi salsalar gidan. Salsala ita ce jerin iyaye da kakanni, wane ya haifi wane, wane ya auri wance. Ku lura da kalmomin dangantaka da za ku ci karo da su, kamar wa da ƙane, jika da tattaɓa kunne, domin a zamanin da muke magana a kai dangantaka ce ke ba mutum ƙasa ko ta hana shi.

Hugo, ɗan Hugo, jikan Hugo

Abu na farko da ke rikita mai karanta tarihin wannan gida shi ne suna. Tun daga ƙarni na 10 har zuwa shekarar 1303, duk wanda ya gaji gidan sunansa Hugo. Masana tarihi sun ƙirga su goma sha uku, suka sa wa kowane lamba. Mutanen zamaninsu kuwa da laƙabi suke bambanta su. Na farko ana ce masa Maharbi. Na biyu shi ne Ƙaunatacce, kuma shi ake dangantawa da gina gidan dutse mai ganuwa a Lusinyan. Na uku Fari, na shida kuwa Shaiɗan. Masu ibadar wani babban gidan addini da ke maƙwabtaka da shi ne suka laƙaba masa wannan suna, saboda yawan rigimar da yake yi da su a kan filaye.

Su waɗannan Hugo ba sarakuna ba ne a farkon al'amari. Barade ne masu riƙe da ƙasa a yankin Puwatu. A tsarin Turai na wancan lokaci, ƙaramin basarake yana yin caffa ga babba, wato ya yi masa mubaya'a, ya yi alkawarin bin sa yaƙi, shi kuma babban ya bar masa ƙasarsa. Ubangidan mutanen Lusinyan shi ne basaraken Puwatu, wanda kuma shi ke mulkin babbar ƙasar Akiten. Sai dai caffar tasu ba ta cika daɗewa ba. Hugo na Biyar ya mutu a 1060 yana yaƙi da ubangidan nasa, wanda ya yi wa gidansa ƙawanya.

Almodis da 'ya'yanta

Matar Hugo na Biyar ta fi mijinta muhimmanci a wannan salsala. Sunanta Almodis, 'yar basaraken Lamarsh ce. Ta haifa masa Hugo na Shida, daga baya aka raba auren bisa hujjar cewa akwai jini na kusa a tsakaninsu, abin da dokar coci ta hana. Sai ta auri basaraken Tuluz, ta haifa masa 'ya'ya, cikinsu har da Remon. Daga nan ta sake aure na uku, ta auri basaraken Basalona a Sifen, nan ma ta haihu.

Wannan aure-aure ya yi wa gidan Lusinyan amfani ta hanya biyu. Na ɗaya, ta wajenta suka sami hujjar neman gādon ƙasar Lamarsh, neman da suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi. Na biyu, Hugo Shaiɗan ya tashi yana da 'yan'uwa masu ƙarfi, uwa ɗaya uba daban, a kudancin Faransa da arewacin Sifen. Remon na Tuluz yana cikin manyan shugabannin Yaƙin Gicciye na Farko.

Hanyar gabas

A 1095 Paparoma Urban na Biyu ya yi kira ga baraden Turai su ɗauki makami su tafi ƙwato Ƙudus daga hannun Musulmi. Waɗanda suka amsa kiran sukan ɗinka alamar gicciye a rigunansu, shi ya sa ake kiran waɗannan yaƙe-yaƙe Yaƙe-yaƙen Gicciye. Littattafan Larabci na yanzu suna ce musu Salibiyya, marubutan Larabawa na wancan zamani kuwa Faranjawa suke kiran mayaƙan. A watan Yuli na 1099 suka ci Ƙudus, suka yi wa mazaunanta Musulmi da Yahudawa mummunan kisa. Suka kafa ƙasashe huɗu a gabas, babbar cikinsu ita ce Masarautar Ƙudus.

Hugo Shaiɗan bai tafi da rundunar farko ba. Ya riga ya je yaƙi a Sifen a 1087, gabas kuwa sai a 1101 ya nufa, kuma yana cikin waɗanda suka fafata da rundunar Masar a Ramla a 1102. Daga kansa tafiya gabas ta zama gādo a gidan. Ɗansa Hugo na Bakwai ya bi Sarki Luwi na Bakwai na Faransa zuwa Yaƙin Gicciye na Biyu a 1147. Jikansa Hugo na Takwas ya tafi shi ma, amma bai dawo ba. A 1164 Sarki Nuruddin na Halab ya fatattaki Faranjawa a Harim, ya kama manyansu da dama, cikinsu har da Hugo. Can ya ƙare ransa yana tsare.

'Ya'yan Hugo na Takwas

A nan ne itacen ya yi rassa, don haka a bi a hankali. Hugo na Takwas ya bar 'ya'ya maza da yawa, amma huɗu ne suka dame mu. Babban sunansa Hugo, kamar yadda za ku zata. Ya mutu a 1169, sai gādo ya koma ga ɗansa, Hugo na Tara. Daga gare shi reshen Faransa ya ci gaba. Sauran ukun su ne Jofre da Emeri da Gi.

Kasancewa ƙane a gidan sarautar Turai ba abin daɗi ba ne. Ƙasa ta babban ɗa ce. Ƙane ko dai ya shiga aikin coci, ko ya ɗauki takobinsa ya tafi neman ubangida, ko kuma ya yi sa'a ya auri mace mai gādo. 'Yan Lusinyan kuma sun ɓata wa kansu zama a gida. A lokacin Akiten tana hannun Sarki Hanri na Biyu na Ingila ta wajen matarsa Eliyano. A 1168 suka yi masa tawaye, suka yi wa ayarin sarauniyar kwanton ɓauna, aka kashe basaraken Ingila da ke rakiyarta. Bayan 'yan shekaru Emeri ya tafi gabas. Mutum ne mai natsuwa da dabara. Ya auri Eshiba, 'yar gidan Ibelin, ɗaya daga cikin manyan gidajen Masarautar Ƙudus, kuma ya zama sarkin yaƙin masarautar. Daga baya Gi ya same shi a can.

Sarkin Ƙudus na lokacin, Balduwin na Huɗu, saurayi ne jarumi, amma kuturta ta kama shi tun yana yaro, kowa ya san ba zai yi aure ya haihu ba. Saboda haka idon kowa yana kan yayarsa Sibila, wadda mijinta na fari ya mutu ya bar ta da ɗa guda. Duk wanda ya aure ta, ya kusanci gadon sarauta. A 1180 aka ɗaura mata aure da Gi. Manyan ƙasar da yawa ba su so ba. A ganinsu baƙo ne, ƙane ne marar ƙasa, kuma bai san yanayin gabas ba. Shi kansa Balduwin ya naɗa shi muƙaddas a 1183, bai daɗe ba ya tuɓe shi.

Balduwin ya rasu a 1185. Ɗan Sibila ya hau, yaro ƙarami, shi ma ya rasu a 1186. An ruwaito cewa manyan fada sun yarda su naɗa Sibila bisa sharaɗin ta rabu da Gi, ita kuma ta amince bisa sharaɗin a bar ta ta zaɓi sabon miji da kanta. Da aka sa mata kambi, sai ta zaɓi Gi, ta ɗora masa kambi da hannunta. Ta haka ƙanen da ya baro Puwatu ba shi da komai ya zama Sarkin Ƙudus. Amma a riƙe wannan da kyau: sarautar ta matarsa ce, shi ta wajenta ya same ta.

Hiɗɗin

Bai cika shekara guda a kan gado ba, Sarki Salahuddin Ayyubi, wanda ya haɗa Masar da Sham a ƙarƙashinsa, ya shigo da babbar runduna, ya yi wa garin Ɗabariyya ƙawanya. Gi ya tattara duk mayaƙan masarautar a wani wuri mai maɓuɓɓugan ruwa da ake kira Saffuriyya. Remon na Uku, basaraken Tarabulus, ya ba shi shawara kada ya motsa daga wurin ruwan, duk da cewa matar shi Remon ɗin ce ke cikin garin da aka yi wa ƙawanya. Waɗansu kuma suka ce zama tsoro ne, suka zargi Remon da haɗa baki da Salahuddin. Abin lura ga mai bin salsala shi ne, Gi da Remon dangi ne na nesa, dukansu daga Almodis suka fito, ɗaya ta wajen mijinta na fari, ɗaya ta wajen na biyu. Wannan dangantaka ba ta hana gaba mai tsanani a tsakaninsu ba.

Gi ya bi shawarar masu cewa a tafi. A ranar 3 ga Yuli 1187 rundunar ta kama hanya cikin tsananin zafi, ta busasshiyar ƙasa. Washegari, 4 ga wata, aka kewaye su a kusa da ƙauyen Hiɗɗin, ƙishirwa ta gama galabaitar da su. Aka murƙushe rundunar, aka kama Gi da wansa Emeri. Marubutan da suka halarci wurin sun ce Salahuddin ya sa aka kawo wa Gi ruwan sanyi a cikin tantinsa. Gi ya sha, ya miƙa sauran ga Reno na Shatiyon, wanda ya sha karya yarjejeniya yana kai wa ayarin Musulmi hari. Salahuddin ya sa aka faɗa wa Gi cewa ba shi ya ba Reno ruwan ba, domin a al'ada wanda ka shayar ya shiga amanarka. Ya kashe Reno, ya bar Gi da ransa. A ranar 2 ga Oktoba Ƙudus ta miƙa wuya, kuma ba a yi wa mazaunanta irin kisan 1099 ba.

Masana suna ta muhawara a kan ko Gi wawa ne ko kuwa an tura shi ne cikin halin da babu mafita mai kyau. Gaskiya a 1183 an zarge shi da ragwanci don ya ƙi fita fagen fama, kuma wannan zargi yana cikin abin da ya sa aka tuɓe shi. Mai yiwuwa tsoron maimaituwar haka ne ya ingiza shi. Duk da haka, raba dubban mutane da dawakai da ruwa a tsakiyar bazara kuskure ne da ke da wuyar karewa.

Aka sake shi a 1188. A shekara mai zuwa ya yi ƙarfin halin yi wa birnin Akka ƙawanya da 'yan mayaƙa kaɗan, wansa Jofre ya zo daga Faransa ya taimaka masa. Amma a 1190 annoba ta shiga sansanin, ta kashe Sibila da 'ya'yansu mata biyu. Da mutuwarsu hujjar Gi ta mutu. Gādo ya koma ga Izabela, ƙanwar Sibila, uba ɗaya uwa daban. Nan da nan aka raba ta da mijinta, aka aurar da ita ga Konrad na Monferato, abokin hamayyar Gi.

Kubrus

Abin da ya ceci Gi shi ne tsohuwar caffar gidansu. Sarki Ricad na Ingila, wanda ake wa laƙabi da Mai Zuciyar Zaki, ɗan Eliyano ne, saboda haka shi ne ubangidan mutanen Lusinyan a Puwatu. A kan hanyarsa ta zuwa gabas a 1191 ya ci tsibirin Kubrus daga hannun wani basaraken Girkawa. Ya sayar da shi ga wata ƙungiyar baraden addini da ake kira Baraden Haikali, amma mutanen tsibirin suka yi musu bore, suka mayar masa da kayansa. A 1192, da manyan Ƙudus suka ƙi Gi ƙememe, sai aka shirya ya karɓi Kubrus a madadin sarautar da ya rasa. Ya gayyato waɗanda suka rasa gonaki da gidaje a Falasɗinu, ya rarraba musu filaye. Ya rasu a 1194, bai bar ɗa ba.

Emeri ya gaje shi, kuma shi ne ainihin wanda ya kafa masarautar. Ya nemi kambi daga Sarkin Sarakunan Jamus, Hanri na Shida, aka naɗa shi Sarkin Kubrus a Nikosiya a 1197. A wannan shekara Izabela ta sake rasa miji. An kashe Konrad a 1192, na bayansa kuma, Hanri na Shamfan, ya faɗo daga taga a Akka ya mutu. Matar Emeri ta fari ta riga ta rasu, sai ya zama mijin Izabela na huɗu, ya zama Sarkin Ƙudus, ko da yake birnin kansa yana hannun Musulmi, masarautar kuma ta rage 'yar siririyar ƙasa a bakin teku. Da ya rasu a 1205 sarautun biyu suka rabu. Kubrus ta tafi ga ɗansa Hugo, wanda Eshiba ta haifa, Ƙudus kuwa ta bi zuriyar Izabela.

Waɗanda suka zauna a gida

Mu koma Faransa. Hugo na Tara, ɗan wan Gi da Emeri, ya sami Lamarsh a ƙarshe a 1199. Aka kuma yi masa baiko da wata yarinya, ita ma Izabela sunanta, magajiyar ƙasar Angulem. Da auren ya yiwu, da Lusinyan da Lamarsh da Angulem sun haɗu a hannun mutum ɗaya, a tsakiyar ƙasashen Sarkin Ingila da ke Faransa. Sarki Jon, ƙanen Ricad, ya hana haka ta hanya mafi sauƙi. A watan Agusta na 1200 ya aure yarinyar da kansa.

Hugo ya kai ƙara wajen Sarki Filib na Biyu na Faransa, wanda shi ne ubangidan Jon a kan ƙasashen da ke Faransa. Filib ya daɗe yana neman irin wannan dama. Ya kira Jon shari'a, Jon ya ƙi zuwa, sai a 1202 aka yanke hukuncin ƙwace ƙasashensa. A 1204 Nomandi ta suɓuce daga hannun Ingila. Ba ƙaramin abu ba ne a ce fasa baiko guda yana cikin dalilan da suka sauya taswirar ƙasashe biyu.

Labarin bai ƙare a nan ba. Jon ya mutu a 1216. Hugo na Tara ya mutu a 1219 a Dimyat ta ƙasar Masar, a Yaƙin Gicciye na Biyar. Izabela ta koma Angulem, a 1220 kuma ta auri Hugo na Goma, ɗan tsohon saurayinta, alhali 'yarta ce aka yi masa baiko da ita. Ta haifa masa 'ya'ya tara. Waɗannan yara sun zama ƙannen Sarki Hanri na Uku na Ingila ta wajen uwa. Bayan tawayen da iyayensu suka yi wa Sarki Luwi na Tara a 1242 ya ci tura, Hanri ya gayyaci waɗansu daga cikinsu Ingila a 1247. Ya aurar wa Wiliyam mace mai gādo a Fembruk, ya nema wa Emar kujerar bishop ta Wincesta. Manyan Ingila suka ji haushin wannan fifiko, kuma korar 'yan Lusinyan na cikin abubuwan da suka tilasta wa sarki a 1258.

Tafiya gabas ta ci gaba da cin 'yan gidan. Hugo na Goma Sha Ɗaya ya mutu a Masar a 1250, Hugo na Goma Sha Biyu ya mutu a 1270 a yaƙin da Luwi na Tara ya kai Tunis. Na Goma Sha Uku ya rasu a 1303 bai haihu ba, ƙanensa kuma ya bi shi a 1308. Sarki Filib na Huɗu ya haɗiye ƙasashensu.

Da gidan ya ƙare a Faransa, tatsuniya ta maye gurbinsa. A 1393 wani marubuci, Jan na Aras, ya rubuta labarin Melusin domin basaraken Beri, wanda a lokacin yake riƙe da Lusinyan. A cikin labarin, Melusin aljana ce da ta auri wani barde bisa sharaɗin kada ya gan ta ranar Asabar. Ita ta gina masa gidan Lusinyan, ta haifa masa 'ya'ya maza da suka zama sarakuna a ƙasashe masu nisa. Wata Asabar ya leƙa, ya tarar daga ƙugunta zuwa ƙasa macijiya ce. Da ya tona asirinta, sai ta tashi sama ta ɓace. Babu wata Melusin a cikin salsalar gaskiya, amma marubucin ya san tarihin gidan, shi ya sa ya tura 'ya'yanta su mulki Kubrus da Armeniya.

Sunan uwa

A Kubrus ma zuriyar maza ba ta yi nisa ba. Hugo na Ɗaya ya rasu a 1218, ɗansa Hanri ya gaje shi yana jariri. Ɗan Hanri, Hugo na Biyu, ya rasu a 1267 yana ɗan shekara goma sha huɗu. Da shi jerin maza daga Emeri ya yanke. Wanda ya hau shi ne Hugo na Uku, wanda uwarsa 'yar Hugo na Ɗaya ce, ubansa kuwa ɗan gidan sarautar Antakiya ne. Ya ajiye sunan gidan ubansa, ya ɗauki na uwarsa. Saboda haka duk sarakunan Kubrus da suka zo bayan 1267, Lusinyan ɗinsu ta wajen mace ce. Shi ne kuma ya sake haɗa sarautar Kubrus da ta Ƙudus, amma a zamanin ɗansa Hanri na Biyu, a 1291, Mamalik masu mulkin Masar suka ci Akka, mulkin Faranjawa a Sham ya ƙare.

Sarakunan ba su saki sunan ba. Akan naɗa su Sarkin Kubrus a babbar cocin Nikosiya, sa'an nan su tafi Famagusta, garin da ke fuskantar Sham, a naɗa su Sarkin Ƙudus. Cocinan nan biyu suna nan tsaye har yau, an mai da su masallatai tun bayan da Turkawa suka ci tsibirin a 1571. Famagusta ta yi arziki ƙwarai a ƙarni na 14 saboda fatauci tsakanin gabas da Turai, gonakin rake kuma suna ba da sukari. Sai dai masu mulki da limamansu Faranjawa ne 'yan tsiraru, talakawa kuwa Girkawa ne masu harshensu da cocinsu daban.

Bitrus na Ɗaya ya so ya farfaɗo da Yaƙin Gicciye. A watan Oktoba na 1365 ya afka wa Iskandariyya, mutanensa suka wawashe birnin suka kashe jama'a masu yawa, bayan 'yan kwanaki suka koma jiragensu da ganima. Babu abin da harin ya jawo wa Kubrus sai ƙiyayyar Masar. A 1369 baradensa suka kashe shi a kan gadonsa. A bikin naɗin ɗansa a Famagusta a 1372, faɗa ya ɓarke tsakanin fataken Jenowa da na Benis a kan wa zai riƙe linzamin dokin sarki ta dama. Abin ya kai ga yaƙi, Jenowa ta ƙwace Famagusta, ta riƙe ta shekara casa'in.

Wani reshe na gidan ya sami sarautar Armeniyawan Kilikiya, nan ma ta wajen uwa. Na ƙarshensu, Liyo, Mamalik suka kama shi a 1375. Bayan an fanshe shi ya yi ta yawo a fadojin Turai yana neman taimako, har ya rasu a Faris a 1393. Sarakunan Kubrus suka ƙara sunan Armeniya a kan nasu, suka zama masu kambi uku, biyu daga ciki babu ƙasa. A 1426 Sarkin Masar Barsbai ya aiko da runduna, aka kama Sarki Janus, aka zaga da shi a titunan Alƙahira. Sai da aka biya fansa mai yawa aka sake shi, daga nan kuma Kubrus ta riƙa biyan Masar haraji kowace shekara.

Shalot, Jak da Katarina

Ɗan Janus, Jon na Biyu, ya rasu a 1458. Ya bar 'ya ta aure, Shalot, da kuma ɗa namiji, Jak, wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Doka ta ba Shalot sarauta, ta hau, ta auri ɗan gidan Saboya. Jak ya gudu Alƙahira ya roƙi Sarkin Masar, ya dawo a 1460 da mayaƙan Mamalik. Ga shi zuriyar mayaƙan gicciye, amma da takubban Musulmi ya ƙwace gadon sarauta daga 'yar'uwarsa. Zuwa 1464 ya mallaki tsibirin duka, har ya kori mutanen Jenowa daga Famagusta.

Don ya sami kariya, ya nemi aure a Benis. Aka ba shi Katarina Kornaro, 'yar wani babban gidan attajirai masu gonakin rake a Kubrus, hukumar Benis kuma ta ayyana ta a matsayin 'yarta. Wannan ba karramawa kawai ba ce, lissafi ne, domin in 'ya ta mutu ba ta da magaji, iyaye ke gādo. Katarina ta iso a 1472. Jak ya rasu a 1473 tana da ciki. Ta haifi ɗa namiji, aka naɗa shi Jak na Uku, ya rasu a 1474 yana ɗan shekara guda. Katarina ta riƙe sunan sarauniya shekara goma sha biyar, amma wakilan Benis ke juya ƙasar. A 1489 suka matsa mata ta sauka, suka ba ta ƙaramin garin Asolo a Italiya, inda ta zauna da 'yar fadarta. Ta rasu a 1510.

Shalot kuwa ta rasu a Roma a 1487, ba ta bar ɗa ba. Kafin ta rasu ta miƙa hakkinta ga dangin mijinta na gidan Saboya. Zuriyarsu ce daga baya ta zama sarakunan Italiya, kuma sun ci gaba da rubuta Kubrus da Ƙudus da Armeniya a cikin jerin sarautunsu har zuwa 1946, shekarar da aka soke sarauta a Italiya.